Na Sayi Gida, Ban Sayi Giginya Ba

Da sunan Allah nake ɗora alƙalami. Ku yi haƙuri da hannuna, don ban koyi rubutu ba sai da furfura ta fara yi mini sallama, a zauren Malam bayan la'asar, tare da wasu magidanta irina. Abin da ya sa na matsa na koya, ku 'ya'yana, akwai maganganun da in na faɗa muku da baki kuna ɗaukar su hirar tsofaffi, ku ce to, ku tashi ku manta. Wannan ɗaya ce daga cikinsu. Kai Sani musamman, da kake shirin aure kana neman azarar da za ka rufa ɗakinka, na ga irin kallon da kake yi wa giginyar nan ta tsakar gida. Na san kallon, don ni na fara yin sa tun ba a haife ka ba. Saboda haka ku ji yadda muka shigo gidan nan.

Ni mutumin Tozai ne, can kan tudu, inda guga ke daɗewa kafin ya taɓa ruwa. Da mahaifinmu ya rasu, gida ya yi mana kaɗan, ni da 'yan'uwana da iyalansu. A lokacin ina bin fatake da jakina, in kai kaya Sakkwato, birnin Sarkin Musulmi, in komo in bi ta Illela, inda ayarin da ke zuwa Ƙonni ke yada zango. A Sakkwato na fara shiga soro. Wani mai masauki ya sauke mu ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, na zauna ina duban rufin ƙasa a kan azara jere, ko ɗigo bai sauko ba, sai ƙarar indararo a waje. Abin ya tsaya mini a rai saboda dalili. Mahaifiyarku Kulu ta haihu sau biyu kafin nan, duka cikin damina, a ɗakin ciyawa mai yoyo, kuma duka biyun ba su zauna ba. Mutane sun ce kwanansu ne ya ƙare, ni ma na ce haka. Amma ni ne na riƙa jan tabarmarta daga wannan kusurwa zuwa waccan ina neman inda babu laima. Da ta sake samun ciki, na yi wa kaina alkawari cewa wannan karon ƙarƙashin soro za ta haihu.

A kasuwar Illela na ji labarin wani masunci mai suna Mamman zai sayar da gidan ubansa a Kalmalo, zai koma Ƙonni wurin dangin matarsa. Na je na gani. Gida ne na bakin tafki, wanda in ka tsaya a ƙofarsa kana ganin masunta kwance a kan gorunansu suna bin ruwa. Amma ya tsufa ƙwarai. Danga ta kwanta, rumbu ya tsage tun daga baki har gindi, ɗakunan ciyawa sun baƙe sun lotsa, awakin maƙwabta sun mai da zauren wurin kwanansu. Duk wannan bai dame ni ba, domin a tsakar gidan na ga giginya biyu tsaye, dogaye, mace da namiji. Namijin nan ya miƙe sak, baƙi ƙirin, irin wanda gara ke karya haƙori a kansa. Na zagaya shi ina lissafin azarar da za ta fito a cikinsa, na ga ta ishe ni soro har da saura. Azara ita ce tsadar gini a ƙasarmu, ga ta kuwa Allah ya tsayar mini a tsakar gida. Na sayar da jakina, na haɗa da abin da na tara, muka je gaban maigari. Mamman ya lissafa abin da ya sayar mini a gaban shaidu: ɗakuna, da rumbu, da rijiya, da fili har bakin ruwa. Aka shafa fatiha. Na fito ina jin kamar an naɗa ni sarauta.

Muka tare da sanyi. Na ɗauko Garba magini, mutum mai ƙiba da son dariya, wanda ya yi aikin gini a Sakkwato shekaru. Muka haƙo laka a bakin tafki, muka kwaɓa da ciyawa, muka yi tubali muka shanya, tsakar gida ta cika da su kamar an kifa tulunan yara. Kullum da safe wata tsohuwa takan shigo da ƙwarya, ta yi sallama, ta tsince 'ya'yan giginyar da suka faɗo, ta tsaya ta yi hira da Kulu, ta tafi. Aka ce mini ita ce Inna Tumba, mahaifiyar Mamman, wadda ta ƙi bin sa Ƙonni ta koma gidan 'yarta a nan cikin gari. Ban hana ta ba. Na ce tsohuwa ce ta saba, kuma 'ya'yan giginya ba su ne gabana ba. Ita ce ta sa mini sunan da har yau mutanen Kalmalo ke kirana da shi, Na-tudu, wai don ta ga ina wanke ƙafa da ruwa kaɗan a bakin tafki guda.

Bango ya tashi har ya wuce kaina. Ranar da muka shirya sare namijin giginyar, Garba ya wasa gatari, ya tofa yawu a hannu, ya ɗaga ke nan sai ga sallamarta.

"Kai Garba, mi kaka yi da gatari gindin itacena?"

Na matso da ladabi na ce, "Inna, ai na sayi gidan."

"Gida kas saya. Wa yas saida maka giginya?"

"To ai cikin gidan take, Inna."

"Ni ma ga ni cikin gidan. Ka saye ni?"

Garba ya ajiye gatari ya riƙe ciki yana dariya har da hawaye. Ni ban yi dariya ba. Na tafi wurin maigari da saurina, na iske shi yana gyaran komar kamun kifi a inuwa. Ya saurare ni har na gama, bai ɗaga kai ba.

"Mi Mamman yal lissafa gaban shaidu?"

Na faɗa masa.

"Ka ji giginya ciki?"

Na ce ban ji ba, amma a Tozai wanda ya sayi gida ya sayi duk abin da ke tsaye a cikinsa.

"Wanga ba Tozai ba na. Nan bakin tabki itace ba shi bin gida sai an ambace shi. Marigayi uban Mamman shi yad dasa su shekarar da yak kawo Tumba gidan, kuma gaban mutane yac ce nata na. Mamman ba shi saida abin da ba nashi ba. Da ka tambaya da an gaya maka. Mun zaci ka sani."

Su sun zaci na sani, ni na zaci babu abin tambaya. Na koma gida na sami Inna Tumba zaune gindin giginyar tana taya Kulu tsince wake. Na durƙusa na ce na ji, macen tata ce, ta ci gaba da ɗibar 'ya'yanta har ƙarshen rayuwa. Namijin kawai nake roƙo, tun da shi ba ya haihuwa.

"Kai Na-tudu," ta ce, "kai ma ba ka haihuwa, Kulu ka haihuwa. A sare ka?"

Kulu ta rufe fuska da gefen zane, tana ɓoye dariya. Daga baya ita ta yi mini bayani. In babu namiji kusa, macen giginya sai dai ta yi fure ya zube, kuma duk gefen nan na tafki babu wani namiji sai wannan. Ita kuwa tsohuwar da 'ya'yan nan take rayuwa. Takan binne ƙwallayen cikin rairayi, in sun tsiro ta tone muruci ta dafa ta kai kasuwar Illela. Da shi take sayen goronta da gishirinta da zanen sallarta, ba ta miƙa wa surukinta hannu. Na gane duk wannan. Amma ni ma ga bango tsaye babu rufi, ga cikin Kulu yana girma, jakin da zan je neman azara da shi na sayar, abin sayenta kuma ya tafi Ƙonni cikin aljihun Mamman.

Na yi ta lallashi har bazara ta kama. Na kai mata goro, ta karɓa ta yi godiya ta ce a'a. Na yi mata alkawarin hatsi duk kaka, ta ce mutumin da bai san noman fadama ba tukuna shi zai ciyar da ita? Na aika surukinta, ya dawo yana sosa ƙeya. Kullum kuma tana nan da safe da ƙwaryarta, ta kawo wa Kulu busasshen kifi, ta duba mata ƙafafu ko sun kumbura, ta dube ni ta ce, "Angona, an kwana lahiya? Gatarin ya kwana lahiya?" Ban taɓa ganin mutumin da ya hana ni abu kuma na kasa jin haushinsa ba sai ita.

Garba ne ya ja ni wurin babban malamin garin, mahaifin wannan da ke koya mini rubutu yanzu. Ya saurare mu, sa'an nan ya ce zai faɗa mini abin da ya sani, ba abin da yake so ba. Ya ce a littafi, wanda ya sayi fili ya sayi itacen da ke cikinsa, sai in an cire shi da baki lokacin ciniki. Kyautar marigayi kuma waɗanda suka ji ta da kunnensu duk sun riga mu gidan gaskiya. In na kai ƙara gaban alƙali, da wuya a hana ni. Da muka fito Garba ya dafa kafaɗata.

"Ka ji ko? Gobe ka yi sammako wurin alƙali. Hadari ya fara haɗuwa gabas, bangon ga ba shi jiran kunyarka."

Da gari ya waye na sa takalmi na ɗauki sanda. Kun san mahaifiyarku ba mai yawan magana ba ce, kuma ba ta taɓa tare ni a kan abin da na yi niyya ba. Ran nan tana zaune a kan turmi kife, ta dafa bayanta, ta yi magana ba ta dube ni ba.

"Maigida, in ka tahi za a ba ka, na sani. Amma duk ran da nik kwanta nid ɗaga ido, Inna za ni gani bisa kaina."

Na ce don ita nake yi, da abin da ke cikinta. Ta ce ta sani, shi ya sa take gaya mini. Ina tsaye da sanda a hannu sai Inna Tumba ta yi sallama. Garin ƙarami ne, labari ya riga ya kai mata. Ran nan ba ta ce angona ba, ba ta tambayi gatari ba. Ta gaishe mu kamar baƙuwa, ta tsince abin da ya faɗo a hankali. Da ta zo wucewa ta gindin namijin sai ta dafa shi da tafin hannu, kamar yadda ake dafa mutum in za a tashi. Sa'an nan ta juyo.

"Na-tudu, ba ni zuwa gaban alƙali, ban san abin da za ni ce ba. Abu guda nika roƙo. Ranar da za ku sare shi ka aiko a gaya min tun da wuri, in tahi Darna wurin ƙanwata. Ba ni son in ji faɗuwatai."

Ta fita. Na daɗe a tsaye. Na dubi bangon da na zuba ƙarfina a ciki tun sanyi, na dubi itacen, na dubi Kulu. Daga nan na jingine sandar a jikin rumbu na cire takalmi. Kulu ta tashi ta dama mini fura.

Kada ku zaci abin ya zo da sauƙi don na yi abin kirki. Garba ya tattara kayansa ya tafi wani aiki yana cewa bai taɓa ganin wanda alƙali ke jira da nasara ya ƙi zuwa ba. Na rufa kan bangon da zana, amma ruwan bakin tafki ba irin na Tozai ba ne. Ya riƙa cin ginin kaɗan kaɗan, har wata ranar da bangon gabas ya zauna gaba ɗaya, ya koma lakar da aka ɗebo shi. Masunta in za su wuce sai su ɗaga murya su ce, "Na-tudu, ina kwanan soro? Rufin sama ya yi kyau!" Aikin rani guda ya tafi, jaki ya tafi, muna cikin tsohon ɗakin ciyawa mai yoyo, kuma na sake komawa jan tabarma daga kusurwa zuwa kusurwa. Wannan shi ya fi yi mini ciwo. Na riƙa tambayar kaina ko na sayar da ɗana ne saboda murucin tsohuwa.

Watan haihuwa ya kama. Wata safiya da rana ta ɗan buɗe, sai ga Inna Tumba ta shigo, surukinta na biye da ita da igiya, da wasu masunta daga cikin masu yi mini dariyar nan. Ba ta nemi izinina ba. Ta tsaya tsakar gida ta riƙe ƙugu tana ba da umarni. Surukin ya hau giginyoyin nan ya yi ta saro ganye, manya manya kamar faifan ƙattai, sauran suka yaye ruɓaɓɓiyar ciyawar ɗakin, suka jera ganyen bisa juna tun daga ƙasa har ƙololuwa, suka ɗaure tamau. Na ce in kama, ta ce in matsa gefe, mutumin tudu bai san ɗaurin ba, in je in ɗebo wa mutane ruwa. Kafin la'asar an gama. Ta shiga ɗakin ta ɗaga kai ta duba, ta fito tana kakkaɓe hannu.

"To, ka ce rufi kaka so daga itacena. Ga shi nan. Saura kuma mi?"

Ba a daɗe ba naƙuda ta zo, da rana tsaka, ana ruwa irin wanda ba ka ganin tafki daga ƙofar gida. Inna Tumba ce a kanta. Ni ina rakuɓe cikin zaure tare da awakin maƙwabta, ina karanta duk abin da na iya, wanda a lokacin ba shi da yawa. Da na ji kuka ban motsa ba, don na taɓa jin kuka sau biyu a baya. Sai da ta leƙo, ruwa na zuba a kanta, ta ce, "Angona, ka yi min kishiya. Taho ka ga ɗakin, ko ɗigo." Na shiga na shafa ƙasa da hannuna, kusurwa kusurwa. A bushe take. Wannan jaririya ita ce yayarku Fatsuma, wadda kuke kira Tumba ƙarama ba ku san dalili ba.

Inna ta zo don wankan jego, ba ta koma ba. Kwana ya zama wata, wata ya zama shekara, har muka gyara mata ɗaya ɗakin. Ita ta karɓi haihuwar yawancinku, kai ma Sani a hannunta ka faɗo. Ita ta koya mini lokacin dasa albasa in ruwa ya ja baya, tana yi tana zagina. Na sake sayen jaki, na gyara rumbu, na ta da danga, amma soro ban sake ɗaga shi ba. Duk shekara a saro ganye a sabunta rufi. A gidan nan ta yi ciwon ajali. Ana gab da rasuwarta ta sa aka kira maigari da surukinta, ta ce wannan karon a ambata gaban shaidu don kada Na-tudu ya sake ruɗewa. Ta ce macen ta bar wa 'ya'yan 'yarta. Namijin kuwa ranar da ya faɗi da kansa nawa ne, amma kada ƙarfe ya taɓa shi yana tsaye.

Ya ƙara shekaru a tsaye bayanta. Wata bazara iskar farkon damina ta kwantar da shi, ya faɗi ta wajen tafki, ko kaza bai taɓa ba. Na aika aka kira Garba, ya zo yana dogara sanda, ya zagaya itacen ya ce ya ƙara ƙwari, jiran ya yi masa kyau. Soron da kuke kwana a ciki shi ne wannan. In kun ɗaga ido, abin da kuke gani ba ƙwace ba ne, kyauta ce, kuma mahaifiyarku tana barci a ƙarƙashinsa lafiya lau.

Na san abin da za ka ce, Sani, don na ji kana gaya wa ƙannenka. Tun da namijin ya faɗi macen ba ta sake 'ya'ya ba, sai fure ya zube, jikokin Inna ma sun daina zuwa da ƙwarya. Gaskiya ne. Amma ba tamu ba ce, kuma ko sun ce sun ba ka, ni ban yarda a sare ta ina raye ba. 'Ya'yanta na ƙarshe na binne su a bakin ruwa, ban tone su don muruci ba. Su ne ƙananan giginyoyin da kuke ɗaure jaki a jikinsu. Ba a sanin namiji a cikinsu sai ranar da suka yi fure, kuma mai yiwuwa ba zan ga ranar ba. Ku za ku gani. In ta sake 'ya'ya, ku aika gidan jikokin Inna a ce su zo da ƙwarya.

Kai kuma ka nemi igiya ka hau ka saro ganye. Zan nuna maka ɗaurin, don daga baya ta yarda ta koya mini. Amaryarka ba za ta jiƙe ba. Na shafa ƙasar da hannuna.